Man da Na Shimfiɗa wa Inas

Shubra, Alƙahira
4 ga Oktoba, 1994

Zuwa ga ɗan'uwana Ra'uf, Abu Hisham,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Ummu Hisham da yara. Yaya zafin Kuwait, ya fara sauka? Yaya ƙafar taka, har yanzu tana kumbura in ka daɗe a tsaye? Mu nan lafiya, gwargwadon lafiyar tsoho da 'yarsa a hawa na biyar, a gidan da babu lif.

Ƙwallon boling ɗin ta iso. Mutumin da ka ba wa ya hau da ita har ƙofarmu yana haki, yana tambaya ko dutse kake aiko wa 'yar ƙanwarka. Inas ta rungume ta kamar jaririya. Tun rasuwar mahaifiyarta Su'ad ban ga ta yi dariya irin wannan ba. Allah ya saka maka.

Ka ce in yi maka bayanin abin da ka saya, tunda kai dai shago ka shiga ka ce a ba ka wadda ta fi. To saurara, ko ba komai karatun da na yi ya yi amfani sau ɗaya. Layin boling katako ne mai tsawon ƙafa sittin, da kwalabe goma a ƙarshensa. Ana shafa mai a farkon layin, a bar ƙarshensa a bushe. Man ba ya ganuwa, amma shi ne wasan duka. Tsoffin ƙwallayenmu masu taurin fata ne, sulɓewa suke yi kamar sabulu, da mai da babu mai kusan duk ɗaya. Wannan taka kuwa fatarta cike take da ƙananan ramuka da ido ba ya gani. Tana shan mai. Tana tafiya a kan mai shiru kamar ba ta san komai ba, da zarar ta taka busasshen katako sai ta cije shi, ta sha kwana, ta shiga tsakanin kwalba ta ɗaya da ta uku. In ta shiga nan, goman duka sai ƙasa.

Ranar Talata da safe, bayan na gama shafa mai, Inas ta gwada ta. Sau bakwai a jere tana share goman. Masu shara sun ajiye tsintsiya suna kallo. Da yamma kuma, bayan 'yan makaranta sun yini suna jifa sun cinye man, ta sake gwadawa. Ƙwallon ta cije tun a tsakiyar hanya, ta tsallake gaban kwalaben ta tafi hagu, sau biyu ma har cikin kwata. Ƙwallo ɗaya, hannu ɗaya, rana ɗaya. Da mai sarauniya ce, babu mai kuwa mahaukaciya.

Ka san ni ne mai shafa man. Shekara ashirin da biyu ina haɗa fenti a masana'anta da takardar jami'ata a bango, aka sayar da masana'antar, aka miƙa mini agogon tebur aka ce na gode. Yau ina tura injin mai a zauren wasa, ƙarƙashin Ustaz Mamduh, wanda ko sunan man bai iya karantawa a jikin gwangwani ba. Ma'aikata suna kirana Dakta Mai. Da can ina jin haushi. Yanzu amsawa nake yi.

Ga abin da ya sa na zauna na rubuta. Ranar Juma'a ashirin da takwas ga wata za a yi gwajin zaɓen mata huɗu da za su je gasar ƙasashen Larabawa. A zaurenmu za a yi. Mata goma sha biyu, wasa shida, a tara maki. Uku na farko an san su, babu mai taɓa su. Gurbi na huɗu tsakanin Inas ne da wata Shirin, 'yar wani tsohon janar da ke cikin kwamiti. Shekara biyu a jere Inas ta biyar take zuwa.

Ta ce mini wannan ne na ƙarshe. Wani asibiti a Aswan, can kudancin ƙasa, ya ba ta aikin haɗa magani, sun ce za su jira ta zuwa farkon Nuwamba. In ta samu gurbin, za ta zauna a kantin maganin da take nan Shubra ta ci gaba da wasa. In ba ta samu ba, ta ajiye ƙwallo, ta hau jirgin ƙasa. “Baba, shekarata ashirin da tara,” in ji ta. “Ba zan tsufa ina ta biyar ba.” Na ce ai ni na tsufa ina na ƙarshe kuma ban mutu ba. Ba ta yi dariya ba.

Ka sa ta a addu'a. Ka gaida Ummu Hisham, ka ce mata man zafin da ta aiko ya yi mini amfani.

Naka,
Fikri

Shubra
19 ga Oktoba

Ɗan'uwana Abu Hisham,

Gaisuwa da fatan alheri. Wasiƙarka ta same ni, na ji daɗi Hisham ya ci jarrabawarsa. Allah ya sa takardar ta yi masa amfani fiye da yadda tawa ta yi mini. Yaya jikinka?

Al'amura sun lalace. Ranar Lahadi kwamiti ya liƙa takarda a allon zaure: ranar gwaji za a shafa mai ƙafa ashirin da takwas kacal, shi ma sama-sama. Kullum ƙafa talatin da takwas nake shafawa. Na je ofishin Ustaz Mamduh na tambaye shi dalili. Yana cin koshari, ko kai bai ɗaga ba.

“Mai ya yi tsada, Dakta. Daga waje ake kawo shi.”

Na ce gwangwani shida ne a sito, ni na jera su.

“To kwamiti ne ya ce. Kai dai tura inji, Allah ya ba ka lafiya. In suna neman shawarar jami'a za su aiko.”

Ka gane abin da wannan yake nufi? Matan nan goma sha ɗaya miƙe suke jifa, da ƙarfi, da tsoffin ƙwallaye. Ko a kan siminti ka sa su, maki ɗaya za su ci. Inas kaɗai ce ke lanƙwasa ƙwallo. Busasshen layi mutum ɗaya yake cutarwa a cikin goma sha biyu. Ba ni da shaidar cewa da gangan suka yi. Amma janar yana tsaye a bayan kujeru ranar da ta share bakwai a jere, na ga fuskarsa.

Na shafa mata ƙafa ashirin da takwas a layi na goma don ta gwada. Abin tausayi. Ƙwallon ta sami ƙafa talatin da biyu na busasshen katako, ta cije da wuri, ƙarfinta ya ƙare kafin ta isa. Inas ta matsa hagu, ta ƙara ƙarfi, ta sauya riƙo. Ɗari da talatin da takwas ta ci, ita da ke wuce ɗari biyu da safe. Na ce ta koma wa tsohuwar ƙwallonta. Ta ce da tsohuwar ta zo ta biyar sau biyu. Na ce to da sabuwar za ta zo ta goma. Ban san me ya sa bakina yake haka ba, Ra'uf. Su'ad ce take taka mini birki, ga shi ba ta nan.

Muna cikin haka uwar Shirin, Madam Nagwa, ta zo wucewa da jakarta a hannu. Ta tsaya ta yi murmushi.

“Sannu da aiki, Ammu Fikri. Ana yi wa 'yar gida shimfiɗa ta musamman ne? Mu da ba mu da uba a cikin inji sai dai mu dogara ga Allah.”

Inas ta ce, “Tanti, ai ku kuna da uba a cikin kwamiti, ya fi inji ƙarfi.”

Na ji daɗin amsar. Amma washegari Inas ta haɗa kaya ta koma gidan innarta Tahani a Abbasiyya. Ta ce har a gama gwajin ba za ta taka zaurenmu ba, ba za ta yi maganar mai da ni ba, ko a waya. “Ba na son in ci, a ce kai ka ci mini,” in ji ta. Na tambaye ta a ina za ta yi atisaye. Ta ce wannan ma maganar mai ce. Ta ɗauki ƙwallon ta sauka.

Kwana uku ke nan. Na dafa waken ful na mutum biyu jiya da safe don mantuwa. In ta tafi Aswan, haka gidan zai zama har a fitar da ni.

Ka gaida mutanen gida.

Fikri

Shubra
Alhamis, 27 ga Oktoba, bayan la'asar

Ra'uf,

Ina gaisuwa, ina fata kowa lafiya. Wannan gajeriya ce, kuma kafin ta iso ka an gama komai, shi ya sa nake iya rubuta ta.

Yau aka auna ƙwallaye. Dokarsu ita ce alƙalin wasa ya auna kowace ƙwallo, ya rubuta lambarta, a mayar da ita jakarta, a kulle a ɗakinsa har gobe. Daga nan babu mai taɓa fatarta da komai sai tawul. Ina bayan injinan kwalabe lokacin da Inas ta kawo tata. Na hango ta daga nesa, ta rame. Guda ɗaya ta kawo, jakar da ka aiko. Ke nan ta ƙi jin maganata, da sabuwar za ta shiga busasshen layi.

Gobe bayan asuba ni kaɗai ne a zaure da inji. Alƙali yana zuwa ƙarfe takwas, ya durƙusa a bakin layi ya shafa yatsa, ya ce ya yi. Bai taɓa taka ƙafa goma cikin layi ba. Matan nan kuwa ba za su ji bambanci ba.

Shekara sittin da ɗaya ban taɓa ƙara ko awo ɗaya a kan abin da aka rubuta mini ba. A masana'anta an nemi in tsinka fenti da ruwa na ƙi, ka tuna abin da ya jawo mini. Na ga abin da gaskiya ta saya mini. Su suka fara murɗa layin, ni mayar da shi zan yi yadda yake kullum, da ɗan ƙari.

Kada ka yi mini wa'azi. Ka yi mata addu'a.

Fikri

Shubra
6 ga Nuwamba

Ɗan'uwana Ra'uf, Abu Hisham,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya da iyali. Na san Tahani ta buga maka waya ta gaya maka sakamako. Abin da ba ta sani ba shi zan gaya maka, don sai na gaya wa wani.

Na yi abin da na ce. Ƙafa arba'in na shafa, na bi tsakiyar kowane layi sau biyu. Alƙali ya zo ya shafa yatsa ya ce, “Madalla, Dakta.” Na wanke hannu na tsaya a bayan kujeru, wajen tulun ruwa.

Ƙarfe tara aka buɗe ɗaki aka raba jakunkuna. Inas ta zuge tata ta ɗaga ƙwallon. Ƙwallon da ka aiko fatarta dusu-dusu ce kamar ɓawon kwakwa. Wadda ta fito da ita sheƙi take yi, har fitilun rufi suna bayyana a jikinta.

Daga baya Tahani ta ba ni labari. Akwai wani mai fentin mota a bayan gidanta. Inas ta kai masa ƙwallon, suka yi kwana biyu suna bin ta da samfefa mafi laushi, sannan da man goge mota, har ramukan fatar suka toshe rabi. Ƙwallon da aka goge haka ba ta cizo da wuri. Tana sulɓewa a busasshen katako ta yi nisa, ta ajiye ƙarfinta sai ƙarshe. Ta sami wani otal a hanyar filin jirgi mai layi huɗu da ba a shafa musu mai sai ran Asabar, ta yi mako guda tana jifa a can. Ta gyara ƙwallonta daidai da ƙafa ashirin da takwas. Ni da na karanta kimiyyar fenti, ni da na yi shekara ashirin da biyu ina koya wa mutane bambancin fata mai sheƙi da marar sheƙi, wannan dabara ba ta zo mini ba. Ina can ina ƙirga maƙiya.

Jifan farko. Ta tsaya inda ta saba, ta saki ƙwallon zuwa dama, tana jiran ta dawo. Ƙwallon ta hau man da na shimfiɗa ta yi ta tafiya. Ba ta cije ba. Ta wuce ta gefen dama ta kwashe kwalabe uku. Inas ta tsaya da hannu a sama. Da inji ya dawo da ƙwallon ta ɗauka ta juya ta a hannu. Mai ya yi mata zobe-zobe, yana ƙyalli. Layin ƙafa ashirin da takwas ba ya barin irin wannan. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ɗago kai ta bi bayan kujeru da ido har ta same ni.

Ban iya kawar da kai ba, Ra'uf. Ita ce ta kawar.

A cikin aljihuna akwai samfefa mai kaushi. Minti ɗaya da ita a hannu da na mayar wa ƙwallon haƙoranta. Doka ta hana, alƙali yana zaune taku biyar daga gare ta. Na tsaya da samfefar a aljihu ina murza ta har ta cinye mini fatar yatsa.

Ɗari da arba'in da ɗaya a wasan farko. Shirin ta miƙe ƙwallonta kamar kullum ta ci ɗari da saba'in da shida, ba ta ma san an yi wani abu ba. Madam Nagwa ta juyo ta ce da ƙarfi, “Wayyo, ƙwallon Kuwait ba ta son iskar Masar!” Aka yi dariya.

Ban taɓa ganin wasa irin wanda Inas ta yi daga nan ba. Ta bar duk abin da ta yi mako tana shiryawa. Ta koma can gefen dama inda man ya fi ƙaranci, ta rage ƙarfi har ƙwallon kamar za ta tsaya, tana lallaɓa ta. Ɗari da hamsin da biyu. Ɗari da sittin da takwas. Bayan wasa uku ita ce ta tara. Aka tafi sallar Juma'a, na yi sahu ban san me liman ya karanta ba. Da aka dawo man ya fara cinyewa, ƙwallon ta fara jin katako. Ɗari da casa'in. Ɗari biyu da huɗu. Ta hau ta shida, ta hau ta biyar. Masu shara suka dawo bakin ƙofa. Janar ya daina shan shayinsa.

A zagayen ƙarshe na wasa na shida Shirin ta riga ta gama. Inas tana bukatar ta share goma sau biyu a jere. Ta farko ta share, zaure ya ɗauki ihu. Ta goge ƙwallon da tawul, ta goge, ta sake gogewa. Ta saki. Hanya ta yi kyau, na rantse maka ta yi kyau. Amma ƙwallayen matan nan sun yini suna jan man tsakiya zuwa ƙarshen layi, man da na bi sau biyu. Daidai inda za ta cije ta taka shi. Ta makara da faɗin yatsa biyu. Takwas suka faɗi.

Ta biyar. Maki tara tsakaninta da Shirin.

Ta je ta yi wa Shirin murna, ta sumbace ta a kumatu biyu. Ta sa ƙwallon a jaka ta fita.

Ranar Asabar ta dawo gida haɗa kaya. Na ce mata zan je wurin kwamiti in faɗi abin da na yi, a soke gwajin a sake. Tana naɗe riga, ba ta juyo ba.

“Ka je ka ce me? Ka ce ka murɗa layi don 'yarka? Wa zai yarda ban sani ba? Kai su kore ka, ni su hana ni wasa har abada, Madam Nagwa ta samu labarin shekara.”

Ta rufe akwati ta zauna a kai.

“Ƙafa nawa?”

Na ce arba'in.

“Da tsakiya sau biyu.”

Na ce e.

“A otal, ranar Laraba, wasa shida na yi a busasshen layi. Mafi ƙanƙanta ɗari da casa'in da bakwai. Ina ta ɗokin ka gani.” Ta share hanci da bayan hannu kamar lokacin tana ƙarama. “Su na san ba sa so in ci, Baba, da shirinsu na zo. Kai kuma ba ka yarda zan iya ba.”

Na ce tsoro na ji kada ta tafi. Ta ce ta sani.

Ranar Talata na raka ta tashar Ramsis. Ta bar ni na ɗaukar mata akwati. Ta sumbaci hannuna kamar yadda aka koya mata, ta ce in riƙa shan maganin hawan jini a kan lokaci, ta nuna mini inda ta rubuta awannin a jikin kwali. Ba ta yi fushi a fuska ba, da ta yi da na fi samun sauƙi. Da jirgin ya motsa na bi tagarta ina ɗaga hannu. Tana zaune tana kallon gabanta.

Kai kawunta ne, tana jin maganarka. Ba ina roƙonka ka wanke ni ba, kada ma ka gwada. Ka rubuta mata kawai, ka ce an ba ka labarin wasanni ukun ƙarshe, ka gaya mata abin da ya kamata a gaya wa wadda ta yi irin wannan wasa. Daga bakina ba shi da daraja yanzu.

In ta amsa maka, ka sanar da ni ko ta sami ɗaki mai kyau, ko tana cin abinci. Sauran abin da za ta ce a kaina ka riƙe a wurinka.

Ka gaida Ummu Hisham da yara. Allah ya sada mu da alheri.

Ɗan'uwanka,
Fikri